Satar da ta yi kama da ciwona

Ni tela ne a cikin birnin Kano, kuma ina fama da ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya same ni. An kwantar da ni a asibiti, an sallame ni, na yi watsi da magani, an sake kwantar da ni, har dai na haƙura na riƙe shi hannu bibbiyu. Yanzu allurar wata-wata ake yi mini, da ƙwayar olanzafin da dare, da wata 'yar ƙarama da ke rage rawar jiki da sandarewar da allurar ke kawowa. Babu wanda bai sani ba a unguwarmu. A Kano kuwa da zarar an ce wane ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, to magana ta ƙare, ba mai tambayar yaushe ne, ba mai tambayar yaya yake yanzu.

Tun canjin kuɗin farkon 2023, da takardun Naira suka yi ɓatan dabo, masu kawo mini ɗinki suka koma tiransifa. Ƙaramar waya ce da ni mai tocila, lambobin banki nake dannawa in tura kuɗi. Gab da Babbar Sallar 2024, daidai lokacin da kuɗin jama'a ke taruwa a hannun tela, sai lissafina ya daina cika. In kwanta na san abin da ke asusuna, in shiga Kwari zan biya kuɗin shadda a ce kuɗina bai kai ba. In duba saƙonni, babu alat ɗin fitar kuɗi ko ɗaya. Wayar da nake turawa ƙarƙashin filo, wani lokacin in farka in gan ta a gefen katifa. Ɗakin kwanana shagon samari ne a ƙofar gidanmu, kuma kullum a kulle nake samunsa yadda na kulle shi.

To ku haɗa maganar ku ji yadda take fita daga bakina: wani yana shigo mini ɗaki cikin dare ƙofa a kulle, yana kwashe kuɗi ta cikin wayata, yana goge shaida. Duk wanda ya taɓa jinyar mai irin ciwona ya ji wannan zancen ko ɗan'uwansa. Ni da kaina na taɓa yin wanda ya fi shi. Shekarun baya, ciwon yana kaina, na taka har caji ofis ɗin yankinmu na kai ƙarar maƙwabta, wai sun ɗaura na'ura a fankar ɗakina suna sauraron abin da nake saƙawa a zuci. Aka sha dariya, aka kira Yaya ya tafi da ni. Ana yi wa 'yan sanda canjin wurin aiki, amma ba a kwashe su duka rana ɗaya, kuma irin wannan labarin ba ya tsufa a ofis.

Don haka mutumin da na fara tuhuma ni ne. Abu ɗaya ya ɗan ba ni ƙwarin gwiwa. Idan ciwon ya tashi ba na kokwanto. Tarin maƙwabci, lambar Adaidaita-sahu, maganar mai shiri a rediyo, duk sai su haɗu su ba da ma'ana ɗaya, da ni ake, kuma yaƙinin da nake samu a lokacin ya fi wanda nake da shi a kan sunana. Wannan karon babu wani yaƙini, sai ruɗewa da kunya, ina ta cewa ƙila ni na kashe kuɗin na manta. Sai dai wannan hujja ce da ba ta ciruwa daga ƙirji a ajiye ta a kan tebur.

Ranar asibitina ta zagayo, na kwashe komai na gaya wa likita, ina jiran ya ƙara mini magani. Ya yi tambayoyin da ya saba: barci, muryoyi, ko ina jin ana bina a hanya. Sai ya ajiye biro ya ce, "Malam, ka karɓo takardar shige da ficen kuɗinka a banki?" Na ce a'a. Ya ce, "To fara da nan. Ciwonka ba ya hana a yi maka sata." Ya ba ni labarin wata mata a Amurka, Martha Mitchell, matar wanda ya riƙe ministan shari'a a gwamnatin Shugaba Nixon. A 1972 ta yi ta gaya wa 'yan jarida cewa ana tafka ta'asa a fadar shugaban ƙasa, har ta ce an tsare ta a ɗakin otal an yi mata allurar barci da ƙarfi. Aka ce giya ce, aka ce taɓin hankali ne. Da badaƙalar Watergate ta fashe sai ga shi gaskiya take faɗa. A 1988 wani masanin halayyar ɗan Adam, Brendan Maher, ya laƙaba sunanta ga kuskuren da likita kan yi in ya ɗauki abin da ya faru da gaske a matsayin ruɗin ciwo. Na fito ina cewa a raina, matar minista ce fa wannan, kuma ba ta da katin asibiti irin nawa.

A banki ban sha wahala ba, don ba wanda ya san ni. Aka bugo takardun, ga su nan a jere: tiransifa tsakanin ƙarfe biyu zuwa uku na dare, ba kullum ba, duk zuwa asusu ɗaya a ɗaya daga cikin bankunan nan na waya, da sunan da ban taɓa ji ba. Kowace fita tana tare da cajin Naira 6.98, wanda ma'aikaciyar ta ce alama ce da lambobin waya aka tura, wato da layina. Babu wadda ta haura Naira 20,000, domin ƙa'idar Babban Banki ta 2018 ta ce abin da ya wuce haka sai da ƙarin tabbaci bayan lambar sirri. Ta ce a wurinsu ni na tura, in ina da ja sai dai 'yan sanda su zo da umarnin kotu. Na zauna a kan benci na tara, ya haura Naira 200,000, kuma rabi kuɗin mutane ne.

Da takardun a hannu na wuce caji ofis ni kaɗai. Na so in yi abin da kowane baligi zai yi in an yi masa sata, ba tare da an riƙo hannunsa ba.

A bakin ƙofa ake caje mutum. Kurtun ya laluba aljihuna ya zaro sacet ɗin ƙaramar ƙwayar nan, ya ɗaga sama ya ce, "Oga, ga ɗan Exol ya kawo kansa." Benzeksol ne, likita ya rubuta mini, amma shi ne samari ke sha don maye har hukumar NDLEA take kama shi katan-katan. Ga hannuna yana rawa, ga ƙafata ba ta tsayuwa wuri ɗaya, ga baki a bushe, duk aikin magani, amma a idon ɗan sanda kamannin ɗan ƙwaya ke nan sak. Ba ni da mafita sai na fito da katin asibiti. Nan take na tashi daga ɗan ƙwaya na koma mahaukaci, kuma na farkon ma ya fi samun mai sauraro. Wani tsohon kofur da ke zaune a kan benci ya ƙura mini ido ya ce, "Ai shi ne mai fanka."

A kanta sajan mace ce, kuma tsakani da Allah ba ta wulaƙanta ni ba. Ta bar ni na yi bayani har ƙarshe, ta karɓi takardun ta jujjuya ba ta karanta ba. Sai ta sassauta murya ta ce, "Bawan Allah, wa yake kula da kai a gida? Ka sha maganinka yau?" Na ce, "Ranki ya daɗe, na sha. Ki duba lokutan nan." Ta ce in je in huta, in turo babba. Tausayin nan nata ya fi dariyar kurtun zafi. Babban littafin da ake shigar da ƙorafi yana buɗe a gabanta, ko biro ba ta ɗiga masa ba, abin da kuwa bai shiga littafin nan ba, a wurin 'yan sanda bai faru ba.

Akwai tarko a wurin da sai mai irin ciwona ya san shi. In ka ɗaga murya, a ce ciwo ya tashi. In ka yi magana a sanyaye, fuska ba yabo ba fallasa, yadda ciwon da maganin ke mayar da fuskar da yawanmu, a ce wanda aka sace wa dubu ɗari biyu ba haka yake magana ba. In ka zo da ranaku da lokuta a tsare, a ce ai haka suke, sun iya tsara zance.

Da daddare na ajiye wa Yaya takardun. Ya daɗe yana dubawa, na kuma san abin da yake aunawa, don shi ne ya sha ɗauko ni daga wuraren da ban san yadda na je ba. Ya ce zai kwana a ɗakina. Ya kwana, ya sake kwana, ba wanda ya zo, ko kwabo bai fita ba. Na ga yadda Inna ta fara kallona, har ta fara zancen a nemo mai ruƙiyya. Yaya ne ya juya maganar, ya ce in ɓarawon ya san daren da mutum biyu ke ɗakin, to mai ganin shigarmu da fitarmu ne. Ya mayar da sauran kuɗin asusunsa ya bar kaɗan, ya ce kada a canza lambar sirri tukuna. Ya tankaɗo toka ya ba ni, ya ce in na kulle in barbaɗa daga bakin ƙofa zuwa katifa, bayan sallar Asuba in miƙo masa makulli ta taga.

Dararen nan sun yi wuya. Ƙwayar dare in na sha ta, ko ganga ake bugawa a kaina ba na ji, abin da ɓarawon ya dogara da shi ke nan. In sha, in kwanta kamar gawa alhali na san wani zai tsaya a kaina. In ƙi sha in yi gadi, ta rashin barci ciwona yake shigowa, kwana kaɗan zan zama abin da suka ce ni ne. Na sha.

Wata safiya Yaya ya buɗe ƙofa ya tsaya cak. Sawun silifas ne a kan tokar, shiga da fita, ya fi ƙafata girma. Ya ɗauki hoto. Muka duba asusu, an taɓa. Ya zauna a bakin katifa ya ce, "Ka yafe ni." Ban tambaye shi na mene ne ba. A ranar aka canza lambar sirri, aka cire kubar ƙofar aka sa sabuwa, Yaya ya adana tsohuwar.

Akwai wani lauya da na daɗe ina yi wa ɗinki. Shi ya nuna mana cewa ƙorafin baki a kanta iska ke ɗauke shi. A rubuta takardar koke zuwa ga DPO, a yi kwafi, a sa su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin. Ya ce sashe na 31 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya wajabta musu binciken laifin da aka kai musu rahoto, kuma bai ware masu lafiya daban ba. In sun ƙi, akwai kwamishina, akwai sashen karɓar koke a kan 'yan sanda da aka kafa a 2015, akwai kuma ƙara kai tsaye gaban majistare. Ina ba shi labari yana tsayar da ni: "Wannan ka gani ne ko zato kake?" Duk abin da zato ne ya fita. Takardar ba ta cika shafi ba: ranaku, lokuta, adadi, sunan asusun, hoton sawu. Babu "ana bibiyata", babu sunan kowa, don ba mu da wanda muke zargi.

Inda aka yi gardama shi ne batun ciwon. Yaya ya ce kada a ambata. Lauyan ya ce, "Alhaji, ofishin da ake ce masa mai fanka me za ka ɓoye musu? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mu muka faɗa bayani ne, in wanda aka kama ya faɗa daga baya makami ne." Ni aka bar wa zaɓi, don sirrina ne, na ce a faɗa. Likita ya rubuta 'yar wasiƙa cewa ina karɓar magani a wurinsu, ba na tsallake allura, kuma a ganinsa ina cikin hayyacina, zan iya ba da bayani a kan abin da ya shafe ni. Na roƙe shi ya ƙara cewa satar gaskiya ce. Ya ƙi, ya ce bai gani ba, in kuwa ya rubuta abin da bai gani ba wasiƙar duka ta zama banza.

Lauyan ya sa layi ɗaya a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023. Kafin ita dokar 1958 ce ke aiki, gadon Turawan mulkin mallaka, wadda babban abin da ta sani game da irina shi ne yadda za a tsare mu. Sabuwar ta ce haƙƙinmu ɗaya da na kowane ɗan ƙasa. Har aka gama ban ji ɗan sanda ɗaya ya ambace ta ba. Abin da ya yi aiki a ofishin nan shi ne hatimin lauya a saman takarda da babbar rigar Yaya.

DPO ya karanta takardar a tsaye, sannan ya zauna ya sake karantawa. Duk tambayoyinsa Yaya yake yi wa, ina zaune a gefe. "Yana shan maganinsa? Yana faɗa da mutane? Yana ɓatar da kuɗi?" Na ce, "Yallaɓai, ga ni nan, zan iya amsawa." Yaya ya taka mini ƙafa. DPO ya juyo ya dube ni sosai ya ce, "To amsa mini wannan. Layinka ne, wayarka ce, lambar sirrinka ce. Ta yaya zan san ba kai kake tashi cikin dare ka tura ba, gari ya waye ka manta? Toka kuwa kowa zai iya sa silifas ya taka."

Tambaya ce ta gaskiya, kuma karo na farko ke nan da wani a ofishin ya ga na isa a yi mini tambaya mai wuya. Na ce, "Yallaɓai, daga bakina ba za ka sani ba. Ni ma kaina na fara zargi. Amma kuɗin nan asusun wani suke shiga, kuma mutum ne mai rai. A tambaye shi wa yake zuwa karɓa. In ya ce ni ne, a rufe maganar in ba ku haƙuri." Ya yi shiru, ya ja biro ya yi rubutu a gefen takardar, ya ce a kai sashen bincike. Ban ce ya yarda da ni ba. Abin da ya yarda da shi, akwai tambayar da za ta amsu ba tare da an dogara da hankalina ba.

Sufeton da aka ba wa binciken ya ɗauki bayanina, ina faɗa da Hausa yana rubutawa da Turanci. Lauyan ya riga ya gargaɗe ni kada in sa hannu sai an karanta mini. Da ya karanto sai na ji ya sa wai ina zargin maƙwabtana. Na ce ban faɗi haka ba. Ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce, "A wurin wani ɗaya ne, Oga, ni da irin wannan zancen aka kore ni a nan shekarun baya." Ya yi tsaki ya soke. Sannan aka zo batun kuɗin mai da na fayil da na zuwa kotu karɓo umarni. A bango an manna cewa beli kyauta ne, ba a manna na bincike ba. Yaya ya biya, wannan kam ba don ciwona ba ne, kowa haka ake yi masa.

Jiran amsar banki ne ya kusa kayar da ni. Sallah ta zo ta wuce, waɗanda kuɗinsu ya tafi suna ta sintiri a shago. Barcina ya ragu duk da ƙwayar, kuma wata rana ina kan keke na ji ƙus-ƙus ɗin nan da na sani, can ƙasa-ƙasa, ana ambatar sunana. Tsoro biyu suka haɗu mini: in na gaya wa likita ya shiga fayil, ƙila ya isa kotu, in na ɓoye in faɗi gaba ɗaya a tsakiyar shari'a. Na gaya masa. Ya ce abin da ake tsammani ne ga wanda ke cikin irin wannan damuwa, ya ɗan ƙara ƙwayar dare, ya matso da ranar dawowata. Na koma kwana cikin gida, Yaya ya karɓi zirga-zirgar ofis, muryoyin suka lafa. Neman haƙƙin shi kansa yana tayar da ciwon da ake kafa hujja da shi a hana ka haƙƙin, kuma wanda ya tsara hanyar bai sa irinmu a lissafi ba.

Da amsar ta zo, asusun na wani mai POS ne a wata unguwa can nesa da tamu. Sufeton ya je da ni da Yaya. Mutumin ya dube ni ya ce bai taɓa ganina ba. Ya ce wani saurayi ne ya gaya masa yayansa direban babbar mota ne, sai dare yake samun sukunin turo masa kuɗi, shi kuma ya zo da safe ya karɓa a cire caji. Ya buɗe littafinsa, ga ranakun sun yi daidai da na takardar banki, ga lambar wayar saurayin a gefe. Yaya ya fara shigar da lambar a wayarsa, kafin ya gama suna ya fito.

Abokina ne tun makarantar allo, wanda kusan kullum da yamma yana kan bencin shagona. A kwanciyata asibiti ta ƙarshe shi aka bar wa makullin ɗakina ya riƙa ɗebo wa tantabaruna hatsi, shi ne kuma yake danna mini waya a sayo magani lokacin da hannuna ba ya iya riƙe ta. Da aka kawo shi ofis, abin da ya fara cewa shi ne, "Yallaɓai, ai kowa ya san ba shi da lafiya. Shi yake ba ni, ya manta." Aka zazzage makullan da ke haɗe da na babur ɗinsa, Yaya ya kawo tsohuwar kubar, sufeton ya gwada ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, ɗaya ya murɗa ya buɗe. Daga baya sufeton ya gaya mini ya tambaye shi me ya sa ya zaɓe ni, ya ce bai zaci akwai wanda zai saurare ni ba.

Lissafinsa bai kauce sosai ba. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, kimanin mutum miliyan 24 ke da wannan ciwo, wato 1 cikin 300. Jama'a tsoronmu suke ji, alhali binciken masana ya daɗe da nuna cewa mai ciwon nan ya fi zama wanda aka cuta a kan ya zama mai cutarwa. A layin asibiti kana jin su, wadda aka cinye wa gado, wanda aka sayar wa fili, wadda aka yi wa abin da ba ya faɗuwa. Macuci zaɓe yake yi, wanda kuwa aka ƙaryata tun kafin ya buɗe baki ya fi kowa sauƙi.

Unguwa ta rabu biyu. Mahaifiyar yaron ta zo ta durƙusa wa Inna tana kuka. Wasu suka ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, me zai sa mai taɓin hankali ya riƙe kuɗin mutane tun farko? Na so a sasanta a gaban mai unguwa, amma yaron ya dage a kan kyauta nake ba shi, in kuwa na janye a haka abin da zai zauna a bakin mutane shi ne mai fanka ya sake yi. Na ce a je kotu.

A kotun majistare aka karanta masa tuhumar kutse cikin gida da sata, ya musanta. Ranar da zan ba da shaida lauyansa ya miƙe ya ce wannan mutum ba shi da hankalin da zai ba da shaida. Mai gabatar da ƙara ya karanto sashe na 175 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya ce mai taɓin hankali bai rasa cancantar ba da shaida ba, sai fa in ciwon ya hana shi fahimtar tambayoyin da ake yi masa da ba da amsa mai ma'ana. Majistaren mace ce, ta cire tabarau ta tambaye ni sunana, da inda muke, da abin da ya kawo ni, da makomar wanda ya rantse a kan ƙarya. Ta tambaye ni yadi nawa ke yin babbar riga da 'yar ciki da wando. Na ce goma, in mai jiki ne a ƙara. Ta yi rubutu, ta ce in ci gaba.

Lauyan bai haƙura ba, da lokacinsa ya zo kai tsaye ya tafi fanka. "Ka taɓa kai ƙarar maƙwabtanka cewa sun sa na'ura a fankarka?" Na ce na taɓa. "Gaskiya ne?" Na ce a'a, ba ni da lafiya a lokacin. "A lokacin ka yi imani gaskiya kake faɗa?" Na ce ƙwarai. "Yadda ka yi imani yanzu?" Nan na ɗan dakata, don ya taɓa inda nake taɓawa da kaina cikin dare. Na juya wurin mai shari'a na ce, "Ranki ya daɗe, fankar an kwance ta ba a samu komai ba. Wannan karon an je an samu mai POS da littafinsa da makulli." Ya tambaye ni ko ina jin muryoyi. Na ce wani lokaci, kuma ina shan magani. Duk wannan a gaban maƙwabta da masu kawo mini ɗinki aka yi shi.

Bayan mai POS ya ba da tasa shaidar aka gabatar da makullin, dangin yaron suka dawo da maganar sulhu, wannan karon da amsa laifi. Ya tsaya gaban kotu ya ce shi ya ɗauka, ban taɓa ba shi ba. Abin da nake nema ke nan fiye da kuɗin. Kotu ta amince, aka rubuta zai riƙa biya kashi-kashi duk wata ta hannun magatakarda, kawunsa ya tsaya masa. Masu kaya na sallame su da bashin da Yaya ya ba ni. Wasu sun dawo da ɗinkinsu, wasu ba su dawo ba, har da wani Alhaji daga wata unguwa da ya yi shekaru yana yaba aikina, bai san da ciwon ba sai da labarin kotu ya bazu.

Saura kashi biyu, kuma ya tsallake na watan jiya. Magatakarda ya ce in zo ranar Talata a aika wa kawun sammaci. Talatar kuwa ita ce ranar allurata, sai dai in yi sammakon asibiti in roƙi nas ta sa ni a farkon layi.